Haihuwa Ce Ta Ƙaru A New Bell, Ko Mutuwa Ce Ta Ragu?

Zancenmu na yau na lissafi ne, amma kada kowa ya tsorata ya juya shafi zuwa ɓangaren Faransanci, domin lissafin bai wuce wanda kowane mai tebur a Kasuwar Kwango yake yi da yamma in zai tashi ba, watau nawa ya shigo, nawa ya fita, saura nawa a aljihu.

Duk wanda ya kwana biyu a New Bell ya san ƙorafin da ake yi a kowace majalisa. Lunguna sun ƙara matsewa, ɗakin haya ya zama gwal, ran Juma'a sahu sai ya ɓallo har kan titi, in kuwa aka tashi daga makarantar allo da yamma sai ka rasa inda za ka sa ƙafa don yara. Daga nan sai wani ya yanke hukunci ya ce ai haihuwa ce ta yi yawa. Maƙwabtanmu na wasu ƙabilu ma sukan jefa mana ita, wani da wasa wani da gaske, cewa ku Hausawa ba ku da aiki sai haihuwa. Mu kuma mu mayar musu da cewa bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci, a yi dariya a watse. To ni dai a ganina, da mai zargin da mai amsar, duk sun bar jaki suna dukan taiki.

Bari mu fara da abin da aka ƙidaya aka rubuta. A ƙidayar jama'a ta 1976 an sami mutum 7,663,246 a Kamaru baki ɗaya. A ta 1987 suka zama 10,493,655, a ta 2005 kuwa 17,463,836. A 2025 ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya ya doshi miliyan 30. Ita Duwala, a 1976 mutum 458,426 ne a cikinta, a 1987 suka kai 809,852, a 2005 suka haura miliyan 1 da dubu 900. Ashe ke nan cikin shekara 29 ƙasa ta ninka biyu da ɗoriya, birni kuwa ya ninka huɗu. Saboda haka mai cewa an yi yawa bai yi ƙarya ba. Inda gizo ke saƙar shi ne, ta wace ƙofa yawan ya shigo?

A ɗauki jama'ar gari kamar randa ce da ake zuba wa ruwa ta sama, tana kuma yoyo ta gindi. Ruwan da ake zubawa shi ne haihuwa, yoyon shi ne mutuwa. In abin da ake zubawa daidai yake da abin da ke zurarewa, randa za ta tsaya inda take ko da an shekara ana ɗebo ruwa. In aka liƙe yoyon kuwa, ko an rage guga ɗaya ko biyu daga abin da aka saba zubawa, randa za ta cika har ta tumbatsa. Masana ƙidaya suna auna duka biyun ne a kan kowane mutum 1,000 a shekara. Wajen 1960, lokacin samun mulkin kai, a cikin kowane mutum 1,000 na Kamaru akan haifi arba'in da 'yan kai a shekara, sama da ashirin kuma su rasu, saura wajen 20. A 'yan shekarun nan ana haihuwar kimanin 34, masu rasuwa kimanin 7, saura 27. Ka ga haihuwa ta sauka, amma abin da ya rage a randa ya fi na da, domin mutuwa ta fi ta saurin sauka.

Wani zai ce mene ne 27 a cikin 1,000, ai ba wani abu ba ne. To akwai wata 'yar dabara da masu lissafi suke yi. Ka raba 70 da adadin ƙaruwar cikin ɗari, abin da ya ba ka shi ne shekarun da jama'a za su ninka. Tsakanin 1987 da 2005 Kamaru ta riƙa ƙaruwa da kashi 2.8 cikin ɗari a shekara, watau duk shekara 25 ke nan sai an ninka. Jaririn da aka raɗa wa suna yau, kafin ya yi auren fari, inda mutum ɗaya yake tsaye za a sami biyu.

Game da haihuwa kanta, akwai binciken gida-gida da gwamnati take yi lokaci-lokaci, inda ake tambayar mata 'ya'ya nawa suka haifa, nawa ke raye. Na 1978 ya nuna cewa in aka kwatanta, mace ɗaya a Kamaru takan haifi 'ya'ya 6.4 a rayuwarta. Na 1991 ya ce 5.8, na 2004 ya ce 5.0, na 2018 ya ce 4.8. Kada a yi mamakin ɗigon, ba wadda take haihuwar rabin yaro, raba-daidai ne kawai na lissafi. A wannan bincike na 2018 ɗin, matan karkara suna kan 6.0, matan birane 3.8, Jihar Arewa ta su Garwa 6.2, Duwala kuwa 2.8. Gaskiya ne a unguwanninmu gidaje sun fi na Bonanjo ko Bonapriso 'ya'ya, ba mai musun wannan. Amma kowa ya duba danginsa ya gaya wa kansa gaskiya: kakarsa sau nawa ta yi wankan jego, 'yarsa ko ƙanwarsa kuma sau nawa?

A nan ne nake so mu ɗan daɗe. Ku zauna da tsofaffin matan unguwa, waɗanda aka kawo su aure daga Gaundare ko Banyo ko Yola tun ana zuwa a bayan babbar mota, ku tambaye su. Za ku ji amsa iri ɗaya, na haifi tara, huɗu ne suka tsaya. Na haifi goma sha ɗaya, Allah ya bar mini biyar. Ba su faɗa da kuka, domin a zamaninsu haka abin yake a kowane gida, wajen yaro ɗaya cikin huɗu ba ya kai shekara biyar. Harshenmu ma shaida ne. Muna da kalmar wabi, ga macen da 'ya'yanta ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Muna da sunaye irin su Ajuji da Ajefas da Ayashe, waɗanda ake laƙaba wa ɗan wabi don a nuna kamar ba a damu da shi ba, ko mutuwa ta raina shi ta wuce. Al'ummar da ta ƙirƙiro irin waɗannan sunaye, al'umma ce da ta saba haƙa ƙananan kaburbura. Yau ka zagaya makarantun allo na New Bell kaf ka nemi yaro mai suna Ajuji, da wuya ka samu. Da magabata suka ce haihuwa maganin mutuwa, ba azanci kawai suke yi ba, lissafin zamaninsu suke faɗa: in kana son biyar su yi maka jana'iza, sai ka haifi goma.

Me ya liƙe yoyon? Abubuwa ne da muka saba da su har mun daina ganinsu. Agana, wadda ta bar zane a fuskokin kakanninmu, an shelanta kawar da ita daga duniya a 1980. Ƙyanda da tarin shiƙa da shan inna da sandarewar jarirai bayan yankan cibi, allurar rigakafi ta karya lagonsu. Gudawa, wadda takan tsotse yaro cikin kwana biyu, an gano ruwan gishiri da sukari yana tsayar da ita. Ga gidan sauro mai magani, ga awon ciki, ga haihuwa a asibiti maimakon a ɗaka a hannun ungozoma ita kaɗai. A ran 22 ga Janairu 2024 ma Kamaru ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta sa allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro cikin jerin alluran yara na yau da kullum, aka fara a garin Soa kusa da Yawunde. Ba wanda ya ce ajali yana hannun likita. Amma wanda ya saukar da cuta shi ya saukar da magani, kuma mun ga abin da ya faru da aka nemi maganin.

Sai dai kada a ɗauka wannan hanya ce miƙaƙƙiya wadda ba a komawa baya. Waɗanda suka yi wayo a shekarun 1990 sun tuna. A binciken 1991, cikin yara 1,000 da aka haifa, 126 ne ba su kai shekara biyar ba. A na 1998 adadin ya hau zuwa 151, a na 2004 yana 144. Shekarun da tattalin arziki ya durƙushe ke nan, aka zaftare albashin ma'aikata har sau biyu a 1993, aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, magani ya yi tsada, asibiti ya koma sai da kuɗi a hannu, ga kuma cutar SIDA tana ɗibar iyaye matasa. Sai a 2011 aka sauko 122, a 2018 aka kai 80. Randar da aka liƙe tana iya sake tsagewa in aka yi sakaci, kuma idan ta tsage ta wajen talaka take farawa.

'Yan'uwanmu na Nijar sun fi mu ganin wannan al'amari ƙuru-ƙuru. A 1992, cikin yara 1,000 a can, 318 ne suke rasuwa kafin shekara biyar, kusan ɗaya cikin uku. A 2012 adadin ya faɗo zuwa 127, alhali mace tana nan tana haihuwar bakwai da ɗoriya kamar yadda uwarta ta yi. Ƙasar da ba ta kai mutum miliyan 4 ba a 1960, sai ga ta da miliyan 17 a ƙidayar 2012. Matan Maraɗi da Damagaram ba su ƙara komai a kan abin da suka gada ba, 'ya'yansu ne suka daina mutuwa. Can wani gefen duniya kuwa abin ya juye: a Japan da Italiya masu rasuwa sun fi waɗanda ake haifa, a Koriya ta Kudu lissafin mace ɗaya bai kai ɗa guda ba a 2023, ƙasar Sin ma da kanta ta fara raguwa a 2022. Su kukansu shi ne tsofaffi sun yi yawa babu masu ɗaukarsu. Kowa da kiɗan da ya karɓe shi.

Akwai tambayar da na san mai karatu zai yi, cewa in haihuwa tana sauka, don me ba mu ga sauƙi ba? Dalili shi ne yaran da aka cece su jiya su ne iyayen yau. A ƙidayar 2005 fiye da kashi 43 cikin ɗari na mutanen Kamaru ba su kai shekara 15 ba. Waɗannan duk yanzu sun isa aure. Ko da kowace yarinya a cikinsu ta haifi rabin abin da kakarta ta haifa, iyayen sun yi yawan da jariran za su fi na da. Kamar jirgin ƙasan Gaundare ne, ko direba ya ja birki sai ya yi tafiya mai nisa kafin ya tsaya.

Ga Duwala kuma akwai ƙofa ta uku wadda ba haihuwa ba ce ba mutuwa ba, ita ce ta baƙi, kuma ita ta sa birni ya ninka huɗu a lokacin da ƙasa ta ninka biyu. New Bell kanta da baƙunta aka gina ta. Jamusawa ne suka yanke shawarar tashin mutanen Duwala daga bakin kogin Wuri su mai da su can ciki, su bar fili mai faɗin kilomita ɗaya tsakaninsu da unguwar Turawa, kuma wurin da aka ware wa zuriyar Bell shi aka kira sabuwar Bell. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya ƙi yarda da wannan ƙwace, suka rataye shi ran 8 ga Agusta 1914. Da Faransawa suka karɓi gari, sai wurin ya zama masaukin duk wanda ya zo neman abinci a tashar jiragen ruwa da hanyar jirgin ƙasa: Bamileke, Basa, Ewondo, mutanen Togo da Dahome da Senegal da Nijeriya, da kuma kakanninmu fatake da mahauta da malamai waɗanda suka biyo hanyar Adamawa. Da layin dogo ya isa Gaundare a 1974 tafiya ta ƙara sauƙi. Daga 2014 rikicin Boko Haram ya koro mutane daga Arewa Mai Nisa, daga 2017 kuma na jihohin masu Ingilishi ya koro wasu. Ko mu nan, wane gida ne ba shi da ɗan ƙane ko ɗan ƙanwa da aka aiko daga arewa ya koyi kasuwa ko ya ja bensikin? Saboda haka in wani ya nuna mana yatsa a kan cikar gari, amsar ita ce kowa a nan ɗan zuwa ne ko jikan ɗan zuwa, in ban da masu ƙasa. Af, kuma ƙidayar gwamnati ba ta fitar da adadin kowace ƙabila, don haka duk wanda ya ce muku Hausawan Duwala dubu kaza ne, daga kansa ya ƙago.

Wanke kanmu daga zargi abu ne mai sauƙi. Mai wuyar shi ne abin da wannan lissafi yake nufi a cikin gidajenmu. Alal misali, a ce wani bawan Allah ya kafa gidan katako, irin wanda ake kira karabot, mai ɗaki shida a unguwar Hausawa a 1965. Matansa biyu suka haifa masa 14, takwas suka rayu. A ce kowane ɗaya daga cikin takwas ɗin ya haifi biyar kacal, 40 ke nan, kuma da lissafin yau wajen 37 za su girma. Fili bai ƙaru da taku ɗaya ba. Sai a datse tsakar gida a yi ɗaki, a datse zaure a yi shago, a haƙa masai kusa da rijiya domin babu wani wurin. A garin da ruwan sama yake kusan mita huɗu a shekara, ƙasa kuma rairayi ce mai ruwa kusa, kowa ya san abin da ke biyo baya, kuma mun gani a annobar amai da gudawa ta 2004 wadda ta kwantar da dubban mutane a Duwala. Ran rabon gado kuwa, gidan da ba ya rabuwa 37, sau da yawa ma ba shi da takardar mallakar fili, shi ke raba zumuncin da aka shekara hamsin ana ginawa. Shi ya sa a 2005 gundumar Duwala ta 2, inda New Bell take, tana da mutum 261,407, ta 3 kuwa 646,347. Unguwa ta cika, 'ya'yanta suna malala zuwa su Ndogpassi da Yassa da PK, ko su haye gada zuwa Bonaberi, nesa da masallacin da suka tashi a ciki da dattawan da za su tsawata musu.

Ban zo in yanka wa kowa adadin 'ya'yan da zai haifa ba, wannan tsakanin mutum ne da iyalinsa da Ubangijinsa. Abin da zan ce shi ne mun riƙe rabin al'adar kakanni mun saki rabi, kuma rabin da muka saki shi ne mai amfanin. Su da suke haihuwa da yawa, suna ba da tazara. Mace takan shayar shekara biyu cur, kamar yadda addini ya kwaɗaitar, takan tafi goyon ciki gidan iyayenta ta daɗe, kuma wadda ta yi kwanika, watau ta ɗauki ciki tana goyo, har waƙar zambo 'yan'uwanta mata suke yi mata. Yau a ɗaki ɗaya na haya, iyaye suna Garwa ko Marwa, kuɗin mota ya yi tsada, ga madarar gwangwani, sai ka ga na goye, ga na ciki, ga mai tatata, duk a hannun yarinya 'yar shekara ashirin. Likitoci sun daɗe da tabbatar da cewa yaron da aka haifa bai cika shekara biyu da wansa ba ya fi shiga hatsarin mutuwa, wan kuma da aka yaye da gaggawa shi tamowa take kamawa. Uwar ma jininta bai dawo ba an sake ɗora mata. A binciken 2011, cikin haihuwa 100,000 mata 782 ne suke rasa ransu a Kamaru. A na 2018 an sauko 406, wanda har yanzu adadi ne mai tayar da hankali. Malam, in matarka ta ce tana son ta huta, kai ta asibiti ku ji bayani tare, ka kuma tambayi malaman da ka amince da iliminsu. Kunyar da za ta hana ka wannan tambaya ba ta kai nauyin riƙon marayu ba.

Saura magana ɗaya, wadda ta shafe mu fiye da kowa a matsayinmu na 'yan tsiraru. Duk waɗannan alƙaluma da na kawo daga rubutu suka fito, kuma da su ake yanke inda za a gina makaranta da asibiti da famfo. Mu kuwa mun iya suna, ba mu iya rajista ba. Ran bakwai za a yanka rago, a raba goro, maroƙa su sha kuɗi, amma ba wanda zai taka zuwa meri ya karɓo takardar haihuwa. Binciken 2018 ya nuna yara 62 ne kawai cikin ɗari 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajista a ƙasar nan. Cikin wata uku na farko abin ba shi da wuya, in aka bari lokaci ya wuce sai an dangana da kotu, da shaidu, da kashe kuɗi. Yaro zai kai ajin ƙarshe na firamare a ce ba zai zauna jarrabawar CEP ba, ya girma ya nemi katin ɗan ƙasa a dube shi a ce ya kawo shaidar cewa shi ba baƙo ba ne, alhali kakansa a New Bell aka binne shi. Haka nan wajen rasuwa. Muna gaggauta kai mamaci makwancinsa, kuma haka ya dace, amma bayan sadakar uku sai a manta da takardar shaidar mutuwa, sai ran da aka je banki ko asusun fansho ko wajen canja sunan fili a tarar ƙofa a rufe. Ina roƙon limamanmu da masu unguwanni, duk wanda aka gayyata raɗin suna ya tambayi uban jariri, kafin a shafa fatiha, ko an je meri.

A fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu, za mu bi matakan neman takardar haihuwa ta hanyar kotu ɗaya bayan ɗaya, domin waɗanda lokaci ya riga ya wuce musu.